Ƙiba Arziki Ce, Ko Kallon Kitse Muke Yi Wa Rogo?

Yau wata tambaya na kawo maka. Ka karanta sannu a hankali. In ka gama, ka karanta wa na kusa da kai wanda bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna.

Ran kasuwa ne, a Cadawa ko Gazawa ko Gidan Rumji. Mutum biyu suka haɗu, sun daɗe ba su ga juna ba. Ɗaya ya dubi ɗaya, ya ga wuya ya cika, tumbi ya turo riga. Sai ya ce: "Kai, Alhaji, ka yi kyau! Lalle ka samu wuri." Alhaji ya yi murmushi, ya shafa ciki. Da ramewa ya yi, da wata gaisuwa daban zai ji: "Lafiya kuwa? Ciwo ka yi, ko bashi ne?" Haka muke. A wurinmu mai ƙiba shi ne mai hali, ramamme kuwa abin tausayi. Amarya in ta yi wata uku a ɗaki ba ta yi jiki ba, sai dangi su fara gunaguni, wai miji ba ya ciyar da ita.

To, ga tambayar. Shin ƙiba arziki ce? Kuma in mutum ya samu hali, daidai ne ya ci iyakar abin da cikinsa zai ɗauka, tunda da guminsa ya saya?

Kafin mu amsa, mu yi wa kanmu adalci. Wannan ra'ayi yunwa ce ta haife shi. Tsofaffinmu sun ga farin 1973 da 1974, lokacin da shanu suka faɗi, rumbuna suka zama wayam. Sun ga yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa suna El Buhari, don a shekarar ne aka rufe iyakar Nijeriya, hatsi ya yi wuyar shigowa. Ta 2005 kuwa, kai ma ka gan ta, ko ka ji labarinta a bakin mahaifiyarka. Ruwa ya ɗauke da wuri a damanar 2004, fara ta sauka a wasu wurare, kuɗin tiya ya hau har talaka ya kasa saye, alhali ga hatsi a kasuwa. A 2005 ɗin, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A 2007, a gundumar Gidan Rumji kaɗai, ta riƙa raba wa ƙananan yara kimanin 60,000 wani abinci na gyaɗa da madara, kowane wata, daga Mayu har Oktoba, don kada su rame lokacin da rumbu ya ƙare.

Mutumin da ya ga irin wannan, in ka ce masa ya rage ci, sai ya dube ka ya ce ƙoshi ne ya yi maka yawa. Ba zan yi gardama da shi ba. A ƙauyukanmu masu buƙatar ƙari sun fi masu buƙatar ragi yawa, nesa ba kusa ba. In kai manomi ne mai riƙe da hauya tun asuba har azahar, in ke ce mai daka da jan ruwa da ɗaukar itace, to maganar rage jiki ba taku ba ce. Amma kada ku ajiye takardar nan. Akwai rabonku a gaba, kuma shi ne ma babba.

Sai dai zamani ya juya. Dubi garuruwan da ke bakin babbar hanyar kwalta, daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi, zuwa Cadawa da Agye da Gazawa. Wanda a da yake zuwa kasuwa da ƙafa, yau moto yake hawa ko kabu-kabu. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi, kuma mun gode Allah, don ya hutar da mata. Ɗan kasuwa yana zaune a shago tun safe har dare. Ma'aikaci, direba, dillalin aya da riɗi, duk zaman ne. Ga shayi a fada, na fari, na biyu, na uku, kowane da sukarinsa. Ga lemon kwalba, ga burodi, ga maka da shinkafa ƴar waje suna iyo cikin mai. Aiki ya ragu, ci ya ƙaru, kuma irin cin ya sake. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙirga cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce ƙima.

Me ke biyo baya? Kai ma ka sani. Ka san wani Alhaji da ya kwanta lafiya lau, ya tashi baki ya karkace, hannu da ƙafa ɗaya ba su motsi. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska. Sau da yawa hawan jini ne da ya daɗe yana aiki a ɓoye. Ka san wata Hajiya mai yawan ƙishirwa da yawan fitsari, wadda ƙaya ta soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Wannan ciwon sukari ne.

Bari in faɗa maka yadda abin yake a cikin jiki. Kitsen tumbi ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake ba. Yana naɗe hanji da hanta, kamar yadda kake gani in an feɗe ragon layya. Jiki yana yin wani ruwa mai suna insulin. Shi ne mabuɗin da ke buɗe wa sukari ƙofa, ya bar jini ya shiga tsoka, mutum ya samu ƙarfi. In kitsen ciki ya yi yawa, mabuɗin ba ya kamawa sosai. Sai sukari ya taru cikin jini, ya riƙa ɓata jijiyoyi da idanu da ƙoda. Ita kuma zuciya, sai ta riƙa tura jini da ƙarfin da ya wuce na kullum, kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu ƙwarai. A ƙasar Holan, can Turai, an yi wata yunwa a sanyin 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu. Likitoci suka bi diddigin jariran da ke cikin uwayensu a lokacin, har suka girma suka manyanta. Sai aka ga ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi kama su bisa ga waɗanda aka haifa kafin yunwar ko bayanta. Ka ga ke nan, jikin da ya fara rayuwa cikin rashi shi ya fi jin jiki in daɗi ya zo masa da yawa. Yaron da aka haifa a shekarar El Buhari, yau ya haura shekara 40. Wataƙila shi ne mai shagon nan da ake ce wa ya yi kyau. Saboda haka ni a ganina tamowa da tumbi ba baƙin juna ba ne. Gida ɗaya suke kwana, wani lokaci ma jiki ɗaya.

Wani zai ce: "Ai ƙato shi ne mai ƙarfi." To, mu je filin kokowa. A 1975, a Tawa, aka fara kokowar ƙasa ta neman takobi, kuma ɗan Maraɗi ne ya fara ɗauka, Yakuba Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Ɗan kokowa yana da nauyi, gaskiya ne. Amma taɓa damtsensa ka ji. Tsoka ce, wadda noma da gudu da atisaye suka gina. Ka sa mai tumbi ya ɗauki buhu ɗaya daga amalanke zuwa zaure, sai ka ji numfashi kamar zugazugi.

Ke kuma ƴar'uwa, ga taki. Akwai ƙwayoyin da ƴan tebur da masu yawon talla ke sayarwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawa cikinsu wani magani ne mai suna deksametazon. Maganin asibiti ne na gaske, ana ba da shi don wasu cututtuka, bisa umarnin likita. In lafiyayya ta riƙa shan sa don ta yi jiki, fuska za ta kumbura ta yi kamar faifai, ciki ya fito, amma hannu da ƙafa su sirance. Jini ya hau, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, ƙaramin ciwo ya kayar da ita. Mutane kuwa suna cewa ta yi kyau! Wannan shi ne kallon kitse da ake yi wa rogo. Wadda ta daɗe tana sha, kada ta bari rana ɗaya, don hakan ma yana da hatsari. Ta je wurin likita a rage mata kaɗan kaɗan. Amma laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Mijin da ke yi mata gorin rama, da uwar miji, da ƙawaye, duk sun sa hannu wajen sayen ƙwayar.

Yaya mutum zai san ko kitsensa ya wuce? Ba sai da sikeli ba. Nemi igiya. Ka tsaya a miƙe, ba takalmi, a auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, a yanke. Ka ninka igiyar biyu. Ka zagaya ta a cikinka, ɗan sama da cibiya kaɗan, kada ka haɗiye ciki. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ya yi yawa. Dokar ita ce, kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Wata hukumar likitoci a Ingila ta ba da wannan shawara a 2022. Awon na manya ne, ban da yara, ban da mace mai ciki. Bayan haka ka je likita a auna jininka. In ana samun 140 bisa 90 ko fiye, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, to hawan jini ne, ko da ba ka jin ciwon komai.

In igiya ba ta haɗu ba, kada ka firgita, kuma kada ka sayi maganin rama a bakin tasha. Kada ka ƙaurace wa abinci kwana uku, ran na huɗu ka rama. Rabin kilo a mako ya isa. Ba a ce sai ka koma kamar lokacin samartaka ba. A Amurka an yi wani gwaji da aka bayyana a 2002, a kan mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Aka sa wasunsu su nemi rage kilo 7 cikin kowane 100 na nauyinsu, su riƙa tafiya minti 150 a mako. Masu kamuwa da ciwon a cikinsu suka ragu da fiye da rabi. In nauyinka kilo 90 ne, kilo 6 ke nan ake magana.

Fara da sukari, don shi ne ɓarawon da ba a jin shigarsa. OMS ta ce kada babba ya wuce giram 50 a yini, wato kimanin cokalin shayi 12, kuma in ya tsaya a 6 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya irin na kola, mai santilita 33, yana ɗauke da kimanin giram 35. Gobe ka zauna kusa da mai dafa shayi a fadarku, ka ƙirga abin da yake zubawa a buta. Ba zan faɗa maka adadi ba, idonka ya gani. Ba na cewa ka bar fada, ai zumunci ne. Ka sha ɗaya, ka bar biyu. Kuma ka raba shayi da lokacin cin abinci, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Gishiri kuwa, abin da OMS ta yarje wa babba bai kai cokalin shayi ɗaya ba a yini, wato ƙasa da giram 5. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma ƴar'uwarsa ce. In an sa uku ɗin cikin tukunya ɗaya, an yi yawa. Daddawa da albasa da tafarnuwa suna ba miya daɗi tun kafin a san dunƙule. Mai kuma a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba.

Abin mamaki, abincin da likitoci ke yabo yana gonarmu. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe da dusa mai gyara ciki. Wake ya ninka gero wajen abin da ke gina tsoka. Fura da nono abinci ne na ƙwarai, muddin ba a cika ta da sukari ba. Ga zogale da ake nomawa a fadamar Gulbin Maraɗi, ga yakuwa, ga rama, ga tafasa, ga kuka, ga kabewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya fi farantin maka amfani, ko da ba shi da kwarjini a gaban baƙo. Manoman Ɗan Saga da kewaye, cikin ƙasar Agye, sun yi suna wajen barin tsiron itatuwa cikin gonaki, kuma itatuwa irin su aduwa da magarya da kanya suna ba yara abin tsotsa wanda ba a saye. OMS ta ce a ci ganye da ƴaƴan itace giram 400 a yini, kusan rabin kilo. Mai son rage tumbi ya rage malmalar tuwo, ya ƙara miyar ganye da wake. Malamai ma sun daɗe suna koya mana a raba ciki uku, a bar wa ruwa da numfashi wurinsu.

Maganar motsa jiki ba ta da tsawo. Rabin awa na tafiya da sauri, kwana biyar a mako. Ka ajiye moto in za ka masallaci ko gona ta kusa. In kana da ƴan ƙwadago, ka karɓi hauya ka yi kunya biyu tare da su. Wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi sauri, ya ga likita tukuna.

Yanzu mu koma ga rabin tambayarmu na biyu, wanda ya fi nauyi. Wani zai ce: "Dukiyata ce, cikina ne. Ina ruwan wani?" Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina. Ran da ɓarin jikinka ya shanye, wa zai ɗaga ka? Wa zai kai ka bayan gida? Matarka ce da ƴaƴanka. Sa na noma za a sayar, a jinginar da gona, a fidda yaro daga makaranta ya tsare shago. Maganin hawan jini da na sukari kuwa ba na mako ɗaya ba ne, na kullum ne. Ashe jikin nan akwai masu haƙƙi a cikinsa ban da kai.

Sannan ka dubi yadda ake rabo a gidajenmu. Maigida ya karya da shayi da burodi da ƙwai a tasha. Da rana ya ci tsire a kasuwa, shi kaɗai, a bayan rumfa. Da dare in an yi miyar nama, tsokar tana kwanonsa. Yara su ci tuwo da romo. Uwargida, wadda ke da ciki ko goyo, ita ce ta ƙarshe, sai abin da ya rage a tukunya. Ƙwan zabi da na kaza a kai kasuwa, wai in yaro ya ci ƙwai zai zama ɓarawo. Ban taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya koya wa sata ba. Wake kuma, Nijar tana cikin manyan masu nomansa a duniya, amma da kaka sai a ɗora shi a mota a kai Nijeriya, a dawo da kuɗin a sayi maka da sukari. Na san akwai bashi, akwai biki, akwai tufafin yara. Amma ko tiya goma ba za a ajiye wa gida ba?

A irin gidan nan sai ka tarar igiyar maigida ba ta haɗuwa, ɗansa kuma an ɗaura masa ma'aunin damtse ya nuna ja. Ka san ma'aunin, ɗan zaren nan mai launi uku da ake auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. In damtse bai kai santimita 11 da rabi ba, tamowa ce mai tsanani, a kai shi likita a ranar. To, abin da ya yi wa uban yawa, shi ne fa ya yi wa ɗan kaɗan. Naman da zai ƙara wa uba hawan jini, shi zai gina ƙwaƙwalwar yaro. Kuɗin lemo ɗaya, ka tambaya ka ji ƙwai nawa zai saya a garinku. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. Daga nan a fara masa kunu mai kauri da garin wake ko gyaɗa, da ganye, da ƙwai, ana ci gaba da ba shi nono. Uwar kuma a sa mata nata kwanon tun farko, kada ta jira sauran wani.

Kada ka ɗauki maganar nan ka je kana yi wa masu ƙiba dariya. Wani gado ne, ko me ya yi jikinsa mai kamawa ne. Wata haihuwa ce ta bar mata jiki. Wata kuma tana cikin kulle, tsakar gida taku goma ce, ba inda za ta taka. In mijinta yana son lafiyarta, shi ya san abin da zai yi. Kuma akwai ramammu masu hawan jini da ciwon sukari, don haka rama ba takardar shaidar lafiya ba ce. Kowa ya je a auna shi.

Wuyar abin tana wurin mutane. Ka je gidan aboki, an kawo tuwo da lemo mai sanyi, in ka ƙi a ce ka raina. Ka sa hannu, ka ci loma kaɗan, ka sha ruwa, ka yi godiya. In ka fara faɗawa, za a tare ka a kasuwa a ce: "Lafiya kuwa? Ko karaya ce ta samu?" Wannan ita ce ta fi tsayar da mutane, fiye da kwaɗayi.

Ni ma na gwada igiyar nan, a tsakar gida, yara suna kallo. Ba ta haɗu ba. Saura yatsa huɗu. Ƙaramar ƴata ta ce: "Baba, igiyar ce ta yi kaɗan, bari in samo wata." Uwarta ta yi dariya har ta ajiye muciya. Tun daga ranar na bar shayi na biyu da na uku, ƙwan da nake ci a tasha kuma ina kawo shi gida ɗanye, a dafa wa yara. Abokan fada sun ce rowa ce ta kama ni. Igiyar tana nan rataye a ƙusa, a bayan ƙofar zaure. In Allah ya kai mu kaka, aka gama ɗaure damma, zan sauko da ita in sake gwadawa.